Me Ya Shiga Cikin Robar? Yadda Na'urar NMR Ke Karanta Gauraye da Haɗakar Polima

Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin tara roba a Agege, ko a gefen jujin Olusosun da ke Ojota, ya san cewa 'yan'uwanmu masu sana'ar jari bola suna da wani ilimi da ba a aji aka koya musu ba. Na sha zama kusa da wani dattijo da ya daɗe yana sayen roba a hannun yara masu tura baro, ina kallon yadda yake tantance kaya. Zai ɗauki ɓallen bokiti ya lanƙwasa shi, ya duba ko wurin ya yi fari, sannan ya ƙwanƙwasa shi a jikin sikeli ya saurari ƙararsa. Idan bai gamsu ba sai ya jefa shi cikin bahon ruwa, wanda ya nutse a ware shi gefe guda, wanda ya taso a ware shi wani gefen. In kuwa da sauran kokwanto, sai ya ƙyasta ashana ya ƙona bakin ɓallen ya shinshina, domin robar leda da ta jarka warin kyandir take yi, ita kuwa robar bututun ruwa ƙaurinta yana hawa hanci kamar an soya barkono. Wannan hanya tana aiki, kuma ita ce ke ciyar da gidaje masu yawa daga Legas har Kano da Katsina.

Sai dai tana da iyaka, kuma iyakar ta faɗo daidai inda kuɗin yake. Robobi biyu da suka fi cika hannun masu tarawa su ne polietilin, wadda ake yin leda da jarka da ita, da polifurofilin, wadda ake yin buhu da kujera da bokiti masu yawa da ita. Dukansu ba su kai ruwa nauyi ba. Idan aka ɗauki nauyin ruwa a matsayin 1, polifurofilin tana wajen 0.90, polietilin kuma tana tsakanin 0.92 da 0.96, saboda haka tare suke tasowa a baho, yayin da robar gorar ruwa, wato PET, mai nauyin kusan 1.38, take nutsewa. Da zarar an ɓarza su an narka an fitar da tsabar roba, ido ba ya iya raba su. Wata rana wata masana'anta ta mayar wa dattijon nan da lodi guda, ta ce bokitan da aka zuba da kayansa suna tsagewa a wurin mariƙi, kuma ba za ta karɓa ba sai an rage farashi. Ya dube ni ya ce, "Malam, da hannuna na tsince kayan nan, to me ya shiga ciki?" Tambayar tasa tana da amsa, kuma na'urar da ta fi kowace iya bayar da cikakkiyar amsar ita ce wadda masana kimiyya ke kira NMR.

Kafin a kai ga na'urar, dole a fahimci abin da ake aunawa. A 1920 masanin Jamus Hermann Staudinger ya kawo ra'ayin cewa roba da makamantanta dogayen sarƙoƙi ne na ƙananan gaɓoɓi masu maimaita kansu, ra'ayin da aka daɗe ana ja da shi kafin a ba shi kyautar Nobel a 1953. Sarƙar ita ce polima, gaɓa ɗaya kuma ita ce monoma. Carbi ya isa misali. Idan duk ƙwayoyin carbin launi ɗaya ne, wannan ita ce polima zalla. Idan aka jera baƙaƙe da farare a zare ɗaya, an samu abin da ake kira kofolima, wato haɗaka a cikin sarƙa guda, kuma jerin yana iya zama barkatai, ko ɗaya bayan ɗaya, ko dogon layin baƙaƙe sannan dogon layin farare, ko kuma zaren baƙaƙe mai rassan farare. Amma idan aka ɗauki baƙin carbi da farin carbi, kowane da zarensa, aka cusa su aljihu ɗaya suka nannaɗe, wannan gauraye ne. Adadin ƙwayoyin yana iya zama ɗaya a duka biyun, hamsin baƙi hamsin fari, amma halin kayan da za a ƙera da su ba zai taɓa zama ɗaya ba. Duk sha'anin ya ta'allaƙa ne a kan wannan bambanci.

Mafi yawan polima ba sa jituwa idan aka gauraya su. Paul Flory da Maurice Huggins, kowane da aikinsa, sun bayyana dalilin a farkon shekarun 1940. Ƙananan ƙwayoyi, irin na sukari a shayi, suna da hanyoyin watsuwa marasa adadi, kuma wannan yalwar hanyoyi ita ce ke tura su su cakuɗa. Doguwar sarƙa kuwa gaɓoɓinta dubbai a ɗaure suke da juna, ba su da wannan sakewa, don haka ƙaramar rashin jituwa tsakanin iri biyu ta isa ta sa kowane ya koma wajen 'yan'uwansa. Polietilin da polifurofilin, duk da cewa kabon da haidirojin ne kawai a jikinsu, haka suke yi. Abin da ke fitowa ya fi kama da garau-garau, inda shinkafa take shinkafa wake yake wake, bai yi kama da fura da nono da aka dama suka zama abu ɗaya ba. Iyakar da ke tsakanin tsibiran robar biyu ba ta da ƙarfi, kuma daga nan tsagewa take farawa idan aka ɗaga bokiti cike da ruwa.

Kalmar nukiliya da ke cikin cikakken sunan na'urar, wato Nuclear Magnetic Resonance da Turanci, tana tsorata mutane, alhali babu tururin da ke cutarwa a cikin aikinta. Ana nufin cibiyar ƙwayar zarra ne kawai. Cibiyar haidirojin, da ta wani nau'in kabon mai lamba 13, suna da hali irin na ƙaramin maganaɗisu. Idan aka sanya su cikin babban maganaɗisu sai su riƙa juyi suna layi, kamar katantanwar da yara ke murzawa a ƙasa, kuma saurin wannan layi yana tafiya daidai da ƙarfin maganaɗisun. Haidirojin yana yin zagaye miliyan 42.58 a sakan ɗaya a kan kowane tesla guda na ƙarfi, saboda haka a maganaɗisu mai tesla 9.4 zangonsa yana kai megahaz 400, wato zagaye miliyan 400 a sakan. Kabon 13 a wannan maganaɗisun yana wajen megahaz 100, wato a tsakiyar zangon da gidajen rediyon FM ke watsa shiri a Legas. Na'urar tana aika ɗan gajeren bugun igiyar rediyo, cibiyoyin su karkata, sannan ta yi shiru ta saurari amon da suke mayarwa yayin da suke komawa yadda suke. Felix Bloch a jami'ar Stanford da Edward Purcell a Harvard ne suka fara jin wannan amo a cikin ruwa da daskararren abu a ƙarshen 1945 da farkon 1946, aka ba su Nobel a 1952. Dabarar bugu ɗaya a saurari kowa lokaci guda kuwa Richard Ernst da Weston Anderson ne suka fito da ita a 1966. Na'urar hoton MRI ta asibiti a kan wannan tushe aka gina ta.

Da a ce duk haidirojin amo ɗaya yake yi, da na'urar ba ta amfani masu nazarin sinadarai da komai ba. Abin da ya ba ta daraja shi ne cewa elektiron ɗin da ke kewaye da kowace cibiya suna ɗan kare ta daga maganaɗisun, kuma yawan kariyar ya danganta da su wa ke maƙwabtaka da ita. Bahaushe ɗaya ne, amma da ya buɗe baki za a gane ko Basakkwace ne ko Bakano ko Bazazzagi. Haka haidirojin da ke kusa da oksijin yake da karin harshe dabam da wanda ke tsakiyar sarƙar kabon zalla. Bambancin ƙanƙane ne ainun, shi ya sa ake auna shi da kashi ɗaya cikin miliyan, ana rubuta ppm, ana kuma farawa daga wani sinadari mai suna TMS da aka ajiye a kan sifili. Sakamakon yana fitowa a kwamfuta kamar zanen tuddai a kan layi. Wurin da tudu ya tsaya yana faɗin unguwar da cibiyar take zaune, faɗin filin da tudun ya rufe kuma yana faɗin yawan masu zama a unguwar.

Mu ɗauki silifas, tunda kowa yana da shi a ƙofar ɗaki. Da yawa daga cikin masu laushi da EVA ake yin su, wadda haɗakar etilin ce, wato gaɓar da ake gina polietilin da ita, da wata monoma mai suna binil asitet. Kowace gaɓar binil asitet tana da haidirojin ɗaya da ke zaune a kan kabon mai riƙe da oksijin, kuma yana fitowa shi kaɗai a wajen 4.9, nesa da sauran da suka taru tsakanin 0.8 da 2.2. A ce an auna aka samu faɗin tudun 4.9 ya zama 1, sauran duka suka zama 41. Biyar daga cikin 41 ɗin na binil asitet ne, domin tana da wasu haidirojin biyar, saura 36. Kowace gaɓar etilin tana da haidirojin huɗu, don haka akwai etilin tara a kan kowace binil asitet ɗaya. Idan aka juya lissafin zuwa nauyi, da yake nauyin gaɓar binil asitet 86 ne na etilin kuma 28, sai a samu kimanin kashi 25 cikin ɗari. Wannan adadi shi ne ke yanke ko robar za ta yi taushi ko tauri. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne ba a buƙatar wani samfurin kwatance daga waje, domin tuddan da kansu suke ba da rabon, matuƙar an ba cibiyoyin isasshen lokacin hutawa tsakanin bugu da bugu.

Ga kayan dattijon nan kuwa, haidirojin ba ya wadatarwa, saboda tuddan polietilin da na polifurofilin sun cunkushe a ɗan ƙaramin fili suna hawa kan juna. Sai a koma ga kabon 13, wanda filinsa ya haura ppm 200. Wahalarsa ita ce kashi 1.1 cikin ɗari ne kawai na kabon ɗin duniya yake da wannan nau'i, amonsa kuma rarrauna ne, sai an maimaita bugun sau dubbai an tara, wani lokaci na'urar ta kwana tana aiki a kan samfuri ɗaya. Ga shi kuma waɗannan robobi ba sa narkewa a sanyi. Sai an dafa su a wani ruwan narkarwa mai sinadarin kulorin a zafin digiri 120 zuwa 130, a kuma riƙe su a wannan zafin a cikin na'urar har a gama. Amma idan aka jure, sakamakon ba ya barin gardama. Polietilin tana da babban tudu ɗaya a 30.0. Polifurofilin tana da uku, a wajen 46, da 29, da 22. Idan gauraye ne zalla, waɗannan huɗun kawai za a gani, kuma daga girmansu za a lissafa kashi nawa na kowace ya shiga.

Idan kuwa etilin da furofilin, wato gaɓar polifurofilin, suna cikin sarƙa ɗaya, sai sababbin tuddai su bayyana waɗanda babu su a ko ɗaya daga cikin robobin biyu, musamman tsakanin 37 da 38, da wasu a wajen 33 da 27 da 25. Waɗannan muryoyin kabon ne da ke zaune a kan iyaka, furofilin a hannun dama etilin a hannun hagu. A nan ne, a ganina, ƙarfin NMR na gaskiya yake, domin tana jin maƙwabcin gaɓa, har ma da maƙwabcin maƙwabci. Masana suna ƙirga jerin gaɓoɓi bibbiyu da uku-uku, su ga sau nawa furofilin ta faɗo tsakanin etilin biyu, sau nawa ta faɗo tsakanin 'yan'uwanta, daga nan su fitar da matsakaicin tsawon kowane layi, su gane ko jerin barkatai ne ko dogayen layuka. Da irin wannan ƙirga ake gwada lissafin da Frank Mayo da Frederick Lewis suka wallafa a 1944 game da yadda monoma biyu ke rige-rigen shiga sarƙa. Sai dai mai karanta zanen tsohuwar roba yana buƙatar taka-tsantsan. Akwatunan lemo da gidan batirin mota da bokitai da yawa da irin polifurofilin mai jure bugu ake yin su, wadda tun daga masana'anta aka sa mata ɗigo-ɗigon haɗakar etilin da furofilin. Ganin tuddan iyaka a kayan da aka tsinto ba ya nufin an yi wani sabon haɗi a injin narkarwa.

Ita kanta polietilin ba iri ɗaya ba ce. Wadda ake kira LLDPE, da ake yawan sawa a leda mai jure ja, kofolima ce ta etilin da ɗan kaɗan na wata monoma mai barin gajeren reshe a jikin sarƙar. Butin yana barin reshe mai kabon biyu, heksin mai huɗu, oktin mai shida, kuma kowane yana da tuddansa. Ƙarshen reshe mai kabon biyu yana fitowa a wajen 11, na mai huɗu kuma a wajen 14. Ana ƙirga rassan a kan kowane kabon dubu, kuma hukumar ASTM ta Amurka tana da tsayayyar hanyar yin haka mai lamba D5017. Reshe yana hana sarƙoƙi kwanciya a jere, shi ya sa robar leda take da laushi ta jarka kuma take da tauri, duk da sunansu ɗaya.

Akwai wani bambancin da ya fi wannan ɓoyuwa. Kowace gaɓar furofilin tana da ɗan ƙaramin hannu na kabon ɗaya, kuma hannun yana iya fuskantar gefe ɗaya ko ɗaya gefen. Idan duk hannayen suka fuskanci wuri guda, sarƙoƙin suna jeruwa su ba da roba mai ƙarfi da ke narkewa a wajen digiri 165. Idan suka fuskanci ko'ina, abin da ake samu danƙo ne mai ɗamfarewa a hannu. Giulio Natta na Italiya ya samar da mai tsarin a 1954, ta amfani da irin sinadarin da Karl Ziegler ya gano, suka raba Nobel a 1963. A 1960 Frank Bovey da George Tiers suka nuna cewa NMR tana iya ƙirga wannan fuskanta kai tsaye, a kan robar nan mai kama da gilashi da ake kira PMMA. A yau ana karanta jerin gaɓoɓi biyar-biyar a polifurofilin, kuma girman tudun da ke 21.8 shi ne ma'aunin tsarinta. Wannan ya shafe mu kai tsaye, tunda kamfanin Indorama da ya karɓi masana'antar Eleme ta jihar Ribas a 2006 yana samar da polietilin da polifurofilin, matatar Dangote da ke Lekki ma ta fara fitar da polifurofilin a 2025.

Kofolima mai dogayen layuka tana iya yaudarar mai karatu, domin mahaɗarta ɗaya ce ko biyu a cikin gaɓoɓi dubbai, tudun iyakar ya yi ƙanƙanta har ya ɓace, zanen ya yi kama da na gauraye. A 1992 Kevin Morris da Charles Johnson na jami'ar Arewacin Karolina suka fito da hanyar da ake kira DOSY, wadda ke auna saurin yawon kowace sarƙa a cikin ruwan narkarwa. Uwa da goyonta tafiyarsu ɗaya, ko da cunkoson kasuwar Mile 12 ya kai yaya. Baƙi biyu kuwa kowa da saurinsa. Idan tuddan iri biyu suka nuna sauri ɗaya, alama ce ta cewa a ɗaure suke. Alama ce dai, domin sarƙoƙi biyu masu girma ɗaya suna iya yin sauri ɗaya ba tare da haɗi ba, don haka ake ƙarawa da wani gwajin.

Duk abin da aka faɗa zuwa nan a narkakken samfuri ake yin sa, kuma narkarwa tana goge wata shaida mai muhimmanci. Tambayar ko robobin biyu sun cakuɗa sosai ko tsibirai suka yi, a daskararren abu kawai take da ma'ana. Matsalar ita ce a daskararre sarƙoƙi ba sa juyawa, kowace cibiya tana fuskantar maganaɗisun ta kusurwa dabam, tuddan su baje su zama tudu ɗaya mai faɗi marar bayani. Raymond Andrew a Ingila a 1958, da Irving Lowe a Amurka a 1959, suka gano cewa idan aka juya samfurin da sauri a karkace, a kusurwar digiri 54.74 daga tsayuwar maganaɗisun, yawancin bajewar tana gushewa. Ana cusa garin robar a wani ɗan bututu mai kaurin milimita huɗu, iska ta riƙa juya shi fiye da sau dubu goma a sakan. A 1976 Jacob Schaefer da Edward Stejskal na kamfanin Monsanto suka haɗa wannan juyi da dabarar aro wa kabon ƙarfi daga haidirojin, daga nan aka fara samun tsaftataccen zanen daskararriyar polima. A irin wannan zane polietilin tana rabuwa biyu, jeraren sashenta a wajen 33, hargitsattsen kuma a wajen 31.

Yadda ake auna kusancin cakuɗar kuwa yana da kyau a tsaya a kansa. Bayan an buga cibiyoyin, kowace irin polima tana da lokacin da take ɗauka kafin ta huce ta koma daidai, wata mai sauri wata mai nawa. Amma haidirojin da ke kusa da juna suna miƙa wa juna wannan ɗumi, kamar yadda labari ke bi gida-gida a unguwa. Idan mai sauri da mai nawa suna zaune jiki da jiki, sai mai saurin ta janye wa ɗayar nata, su huce tare a lokaci ɗaya da ke tsakanin nasu biyun. Idan tsibiran sun yi girma har labarin bai isa ya ƙetare ba kafin lokaci ya ƙare, kowace za ta riƙe nata lokacin. Akwai irin wannan agogo guda biyu. Ɗaya, da ake kira T1, yana ɗaukar kusan sakan, kuma a cikinsa ɗumin yana tafiyar nanomita gomomi. Ɗayan yana ƙarewa a cikin 'yan kaso na dubu na sakan, ɗumin ba ya wuce 'yan nanomita kaɗan. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita, kaurin gashin kai kuwa nanomita dubbai gomomi ne. Idan agogo na farko ya haɗe na biyu ya rabu, an san girman tsibiran yana tsakanin ma'aunai biyun. Idan duka biyun suka haɗe, cakuɗar ta kai matakin sarƙa da sarƙa, kamar yadda ake samu a gaurayen wasu robobi biyu masu suna polistairin da PPO, wanda kamfanin General Electric ya fitar kasuwa da sunan Noryl a shekarun 1960.

Wani abin da ya kamata masu narka roba sau biyu sau uku su sani shi ne gauraye yana iya rikiɗa ya zama haɗaka a cikin inji. Idan aka narka PET tare da wata polima mai irin mahaɗarta aka bar su cikin zafi, sarƙoƙin suna yankewa su sake ɗaurewa da na juna, kuma girman sababbin tuddan iyaka yana nuna nisan da musanyar ta yi. Polietilin da polifurofilin ba sa yin wannan, sai an kawo musu mai shiga tsakani, wato kofolimar da rabinta ke son wannan rabinta ke son waccan, ta zauna a kan iyaka ta ɗinke su. A 2017 masu bincike ƙarƙashin Geoffrey Coates na jami'ar Cornell da Frank Bates na jami'ar Minnesota suka nuna a mujallar Science cewa kashi ɗaya cikin ɗari na wata kofolima mai layuka huɗu ya isa ya mayar da gaurayen robobin nan biyu daga mai saurin karyewa zuwa mai juriya. Ba za a iya sanin irin mai shiga tsakanin da za a sa ba, ko yawansa, sai an san rabon abin da ke cikin buhun.

Ba zan ce NMR ce maganin kowace tambaya ba. Ba ta da kaifin jin abin da ya yi ƙaranci ƙwarai, kuma ɗan ɓallen PVC, wato robar bututun ruwa, da ya ɓuya cikin lodin PET, wanda ya isa ya ɓata kaya domin yana ruɓewa ya saki asid a zafin da PET ke narkewa, an fi kama shi da wasu na'urorin. Samfurin da take aunawa bai cika cokalin shayi ba, saboda haka idan ba a ɗebo daga buhuna da yawa an cakuɗa ba, amsar za ta zama ta wannan cokalin kaɗai. Tsatsa da ɓurɓushin ƙarfe, waɗanda ba a rasa su a kayan juji, suna baje tuddai. Ga aikin yau da kullum, na'urar hasken infirared da na'urar auna zafin narkewa sun fi arha da sauri, tunda polietilin ta jarka tana narkewa a wajen digiri 130 polifurofilin kuma sama da 160. Amma waɗannan na'urori da NMR ake daidaita su, kuma idan gardama ta kai ga jerin gaɓoɓi ko girman tsibirai, ita ake komawa.

Sannan ga tsada. Babban maganaɗisun waya ce da aka nutsar cikin ruwan hiliyam mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili, kuma da zarar an ɗura masa lantarki yana riƙe shi ko an ɗauke wuta, amma hiliyam ɗin daga waje ake shigo da shi, dole a riƙa ƙara shi a kan kari, ga ruwan naitirojin da ake zubawa kusan kowane mako, ga kayan lantarkin da ke buƙatar wuta marar yankewa. Idan aka yi sakaci hiliyam ya ƙafe, tayar da maganaɗisun ya zama wani sabon kashe kuɗi. Shi ya sa nake ganin ƙananan na'urorin kan tebur, masu maganaɗisu na dindindin da zangon megahaz 40 zuwa 100, sun fi dacewa da mu a matakin farko. Ba sa shan hiliyam, kuma sun isa lissafi irin na silifas da na robar taya. Akwai ma wata mai sauƙi da ba ta zana tuddai, lokacin hucewa kawai take aunawa, wadda masana'antun polifurofilin ke amfani da ita wajen gano yawan sashe mai laushi a cikin mintuna.

Tun da gwamnatin Legas ta haramta robar kumfa ta zuba abinci a watan Janairun 2024, maganar sake sarrafa roba ta ƙara ƙarfi, masu saye kuma sun ƙara tsaurara sharuɗɗa. Amma har yanzu farashin tsabar roba a kan ido da yarda ake yanke shi, kuma idan aka samu saɓani, mai ƙaramin ƙarfi ne ke ɗaukar asara, domin ba shi da takardar da zai nuna. Garin da ke da jami'ar Legas a Akoka, da kwalejin fasaha ta Yaba, da cibiyar binciken masana'antu ta tarayya a Oshodi, bai kamata ya rasa ɗakin gwaji na haɗin gwiwa ba, inda ƙungiyar masu tara roba za ta kai samfuri ta biya kuɗi daidai ƙarfinta. Na'urorin arha su yi aikin kullum, abin da ya gagara a tura shi ga NMR. Da dattijon nan ya samu irin wannan wuri, da takardar ta gaya masa kashi nawa na robar jarka ya shiga cikin ta bokiti, da kuma ko rassan LLDPE sun bayyana, wanda zai nuna cewa leda ce ta bi ta injin niƙa kafin a zuba kayansa. Da wannan zai san ko a wurin tsinta zai gyara, ko kuwa mai injin ne zai riƙa wanke injinsa tsakanin lodi da lodi.